Kwamfutata ba ta ganin kilabiye da safe, mai gyara ya ce sai an goge komai

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago a Tahoua inda nake buga wa mutane takardu, yawancinsu ɗaliban jami'a da masu neman aiki. Kwamfutar ta tebur ce, tsohuwar hannu, daga Yamai aka sayo mini ita, da Windows 10 na Faransanci a kanta. Tun shigowar sanyi ta ɗauko wani hali. Wata safiyar in na kunna sai ta tsaya a baƙin allo da rubutun Ingilishi tana neman in danna F1, in danna kuma ba abin da ke motsi, sai na kashe na sake kunnawa. Wata safiyar kuma ta wuce har wurin sa lambar sirri, linzami na aiki, kilabiye, wato allon maɓallan rubutu, shiru, amma in na sake tayar da ita da linzami sai ya dawo garau. Agogonta ma kullum sai na gyara. Na sayi sabon kilabiye, ba ta canza zani ba. Yana jone ne a wata ƴar mahaɗa mai ramuka huɗu ta gaba, nan nake sa kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, na masu kawo aiki, nan nake cajin waya. Firinta ta leza da kwamfutar ralonj ɗaya suke, wato igiyar wuta mai soket da yawa, kuma da dare nakan kashe shi gaba ɗaya don tsoron gobara. Mai gyara ya ce a goge komai a sake zuba Windows, jika biyar. Takardun mutane ne fal a ciki. Ina mafita?

Wata mai shagon buga takardu, Tahoua

Wa'alaikumus salam, Malama. Ki riƙe kuɗinki, kuma kada ki yarda a goge miki komai tukuna. Baƙin allon nan mai neman F1 yana fitowa ne tun Windows bai fara aiki ba, to ta ina sake zuba Windows zai warkar da shi? An bar jaki ne ana dukan taiki. Sabon kilabiyen da kika saya dai ya yi mana rana ta fuska ɗaya: guda biyu daban sun nuna hali iri ɗaya, ke nan da wuya laifin ya zama nasu.

Matsala biyu ce ta haɗu miki, shi ya sa abin ya ƙi kama kai. In kika danna maɓallin kunnawa, wanda ke fara tashi wani ƙaramin shiri ne da ke zaune a kan babban farantin cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira kart-mer. Sunansa BIOS, a sababbi kuma UEFI. Shi ke duba ƙwaƙwalwa da allo da faifan ajiya da kilabiye cikin ƴan daƙiƙoƙi, sannan ya miƙa wa Windows ragama. Windows kuma sai ya sake neman kowace na'ura da kansa, da nasa direbobi, wato ƙananan shirye-shiryen da yake magana da kowace na'ura da su. Ranar baƙin allo, tun a matakin farko aka yi tuntuɓe. Ranar da ta kai ki wurin lambar sirri, a na biyu ne.

Gobe da safe ki sa ido kan ƙananan fitilu ukun da ke saman kilabiye ta hannun dama, daidai lokacin da kika kunna. Yawancin kilabiye sukan ƙyafta su sau ɗaya da zarar wuta ta shige su. Ƙyaftawar nan wuta kawai take nunawa, ba ta nuna an gane shi ba. Gwajin gaske shi ne ki danna maɓallin Verr Num, wanda ɗaya daga fitilun nan tasa ce. Kwamfuta ce ke ba da umarnin kunna wannan fitila da kashe ta, don haka in tana bin dannawarki, suna jin juna. In kina dannawa ba ta kula ki, ba su gaisa ba.

Abu na farko da za ki canza bai buƙatar ko dala: ki cire kilabiyen daga mahaɗar nan. Ramin USB 2.0 volt 5 yake bayarwa, kuma bai wuce miliyamfa 500 ba. Mahaɗa marar nata caja daga wannan ɗin take rabawa, kuma a ƙa'ida miliyamfa 100 ne rabon kowane rami nata. Kilabiye na yau da kullum wannan ya ishe shi, amma waya mai neman caji za ta ja iya abin da ta samu, ga kile a gefe. Bayan haka, ita kanta mahaɗar na'ura ce da sai an gane ta kafin a gane abin da ke bayanta, BIOS kuma bai cika haƙurin jira ba, wani tsohon ma bai iya leƙa bayan mahaɗa sam. Ki kai kilabiyen baya, ki jona shi kai tsaye a ɗaya daga ramukan da ke manne da kart-mer, ki zaɓi wanda cikinsa baƙi ne ki bar mai shuɗi. Shuɗin USB 3.0 ne, yana ba da wuta har miliyamfa 900, amma a tsofaffin kwamfutoci da yawa wani guntun lantarki ne daban ke tafiyar da shi, wanda bai farkawa sai Windows ya ɗora masa direba. Ramukan gaba kuwa siririyar waya ce ta haɗa su da kart-mer ta ciki, ita kan saki, su ne kuma suka fi shan sa-da-cirewa. Ki bar wa masu kawo aiki su. Wayarki ki yi mata caji a bango.

Daga nan ki zare wutar kwamfutar, ki cire duk abin da ke jikinta ban da allo da kilabiye da linzami, har igiyar firinta. Ki danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 tana a zare, don ragowar wutar da ke ciki ta tsiyaye, sannan ki mayar ki kunna. In ta tashi lafiya, ki riƙa mayar da na'ura ɗaya kowace safiya. Kile da aka manta a rami, ko firinta mai wurin karanta kati, sukan riƙe BIOS yana ta lalube ko akwai abin tayar da kwamfuta a cikinsu.

Maganar agogo da kika sako kamar ƙarin bayani, ita ta fi komai nauyi a wasiƙarki. A kan kart-mer akwai ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, mai volt 3, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2. Aikinsa ya riƙe agogo, a kwamfutoci da yawa har da saitin BIOS, lokacin da ba wuta. Muddin igiyar kwamfuta na jone a soket mai wuta, ko tana kashe, akwatin wutarta na ciki, mai raba wa sassanta wuta, na ba da ɗan volt 5 na jiran gadi, batirin yana hutawa. Ke kuwa kina kashe ralonj kowane dare, kuma daidai kike yi, sai dai batirin shi kaɗai ke kwana a bakin aiki. Kwamfutar da ta yi shekaru a wani ofis kafin ta iso Yamai, ta yiwu batirin da aka ƙera ta da shi ne har yau. In ya mutu, kowace safiya BIOS zai tashi ya tarar ba kwanan wata ba saiti, sai ya tsaya ya nemi a danna F1. A wasu tsofaffin injuna, saitin asali da yake komawa bai kunna kilabiyen USB a wannan mataki, sai ya zama yana neman amsa daga wanda bai ba bakin magana ba. Ki ɗauki hoton baƙin allon da waya. In kin ga kalmar CMOS, ko Time, ko Date, ko Battery, batir ne. In Keyboard kaɗai ya ambata, rami ne ko wuta. Yana iya kawo su duka biyu.

Canjin batirin ba wani aiki ba ne. Ana samunsa wurin masu gyaran agogo da masu makullan mota, kuɗinsa bai kama ƙafar na kilabiye ba. Ki nemi wanda ke rufe a kwalinsa, in akwai mita a auna: sabo yakan nuna volt 3 da ɗan ɗoriya, wanda ya sauka zuwa 2.5 ya gama yayi. Kada a ba ki CR2025 ko CR2016 a ce duk ɗaya ne. Faɗinsu ɗaya amma sun fi siranta, ba sa zama daram, kuma ba sa jimawa. Kafin a buɗe, ki shiga BIOS ranar da kilabiye ya yarda, ki ɗauki hoton kowane shafi. A zare wuta, a buɗe murfin gefe, mai aikin ya fara taɓa ƙarfen akwatin da hannu. A hunturu iska a bushe take, jiki na tara tartsatsin da ke iya kashe guntu ba tare da an ko ji shi ba. A tura ɗan ƙarfen da ke riƙe da batirin, zai yi tsalle ya fito. Sabon ya shiga da alamar + tana kallon sama, a riƙe shi ta gefe.

Hotunan nan ga amfaninsu. Bayan canji sai an sake sa kwanan wata da lokaci, sannan a duba saitin faifan ajiya mai suna SATA Mode ko SATA Operation. In da yana kan AHCI ya koma RAID ko IDE, ko akasin haka, Windows zai ƙi tashi ya nuna shuɗin allo. Anan ne ake tsorata mutane a ce musu faifai ya mutu, alhali layi ɗaya ne za a mayar yadda yake. In kuma faifanki na kulle da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, ki tabbata lambar buɗewarsa mai lambobi 48 tana hannunki kafin a taɓa BIOS.

Shiga BIOS ana yin sa ne da danna maɓalli ɗaya a kai a kai tun daga kunnawa: F2 a Dell, F10 ko Échap a HP, F1 a Lenovo na tebur, Suppr a waɗanda aka harhaɗa. A ciki ki nemi abu uku. Legacy USB Support, wani wurin USB Emulation ko USB Keyboard Support, ya zama Enabled. Fast Boot ya zama Disabled, a Dell kuma a sa shi kan Thorough, domin saurin nan ana samunsa ne ta hanyar tsallake binciken wasu na'urori. Na uku, inda aka rubuta Halt On a zaɓi All, But Keyboard, a Dell a cire alamar Keyboard Errors. Wannan na ukun ba magani ba ne, yana dai hana ta tsayawa cak, ta wuce zuwa Windows inda kilabiyen zai sake samun dama. A adana kafin a fita, yawanci da F10.

In kilabiyen USB ya ƙi ba ki damar shiga ko sau ɗaya, ki duba bayan kwamfutar ko akwai zagayayyen rami mai launin shunayya. PS/2 ke nan, tsohon tsari ne tun 1987, shunayya na kilabiye, kore na linzami, kuma BIOS yana jinsa ko da saitin USB ya rikice. Ki ari kilabiye mai irin wannan kai a maƙwabta. Sharaɗinsa ɗaya: a jona shi kwamfuta tana kashe, don a lokacin tashi kawai ake neman sa, kuma tsinkayensa shida suna lanƙwashewa in an tura shi a karkace. Ƴar mahaɗin nan da ke mai da kan USB zuwa PS/2 kada ki dogara da ita, ba komai a cikinta sai wayoyi, tana aiki ne kawai da kilabiyen da aka ƙera da jin harsunan biyu. Kilabiyen Bluetooth ma ba ya cikin lissafi, galibi sai Windows ya tashi yake samuwa.

Sai matsala ta biyu, ta ranar da linzami ke aiki kilabiye na barci. Kin ce in kin sake tayar da ita yana dawowa, wannan kuwa alama ce da muka sani sarai. Tun Windows 8 da ya fito a 2012 akwai wani tsari, Démarrage rapide, wanda ke kunne tun daga farko a yawancin kwamfutoci. In kika danna Arrêter, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya. Yana rufe takardunki, amma ya kwashe halin da direbobi ke ciki ya ajiye a faifai, da safe ya ɗora daga nan, da zaton kowace na'ura na nan yadda ya bar ta. Ke kuma kin yanke wuta da dare, BIOS ya manta saitinsa, mahaɗa ta tashi a makare. Abin da ya ajiye da abin da ya tarar ba su dace ba. Redémarrer kuwa bai amfani da wannan ajiya, daga tushe yake neman komai.

Ki gwada kafin ki canza saiti: dare biyu ko uku, ki danne maɓallin Maj na kilabiye lokacin da kike danna Arrêter. Wannan cikakken kashewa ne. In safiyoyin sun zo lafiya, sai ki cire tsarin dindindin. Ki buɗe Panneau de configuration, Options d'alimentation, sai Choisir l'action des boutons d'alimentation. A sama ki danna Modifier des paramètres actuellement non disponibles, in ba haka ba akwatin zai ƙi taɓuwa. Ki cire alamar Activer le démarrage rapide, ki adana. Tashin safe zai ƙara ƴan daƙiƙoƙi. A ganinmu duk kwamfutar da ake yanke wa wuta da dare, ko take garin da ake yawan ɗauke wuta, gara a raba ta da wannan tsari. Kuma ki jira fanka ta yi shiru, fitilar gaba ta mutu, kafin ki kashe ralonj.

Akwai saura ɗaya a Windows. Ki danna maɓallin dama na linzami a kan Démarrer, ki zaɓi Gestionnaire de périphériques, ki buɗe Contrôleurs de bus USB. Kowane layi mai Concentrateur USB racine ko Hub USB racine, ki shiga Propriétés, Gestion de l'alimentation, ki cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tsimin wuta. Tsimin nan na kwamfutar hannu ne mai batir, ta tebur ba ta ƙaruwa da shi. In kin ga alwatika ruwan ɗorawa da Périphérique USB inconnu ko Code 43, ki yi wa wannan layin kaɗai Désinstaller, ki sake tayarwa, Windows zai mayar da shi da kansa. Ranar da kuma kika maƙale a lambar sirri mai aiki na tsaye a kanki, a kusurwar ƙasa ta dama akwai alamar Options d'ergonomie, cikinta akwai Clavier visuel, sai ki buga lambar da linzami.

In an yi duk wannan baƙin allon bai daina ba, musamman in da sanyin safiya ne kawai kuma kunnawa ta biyu tana warware shi, zarginmu zai koma kan akwatin wuta na cikin kwamfutar. Akwai wasu ƴan gwangwanaye a cikinsa da kan kart-mer, kondansato, masu daidaita wuta. Zafin Afrilu da Mayu na shekara da shekaru yana busar da su, in sun tsufa kuma sun fi kasawa da sanyi, sai sun ɗan ɗumama su kama aiki. Wannan ya dace da cewarki tun shigowar sanyi abin ya fara. Layin volt 5 ya kamata ya tsaya tsakanin 4.75 da 5.25. A akwatin wuta na gama-gari ja da baƙar waya ake aunawa, shunayya kuma ita ce ta jiran gadi. Mai gyara ya auna da safe kafin ta ɗumama, ya kuma duba kart-mer ko akwai kondansaton da kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa-tsatsa. Gwajin da ya fi mita shi ne a ɗora wani akwatin mai lafiya ta kwana da shi. A kula, kwamfutocin ofis da yawa na Dell da HP da Lenovo suna da nasu irin soket, ba kowane akwati ke shiga ba, sai a bi lambar da ke jikin tsohon. Akwatin wutar kansa kada ki buɗe shi, yana riƙe wuta mai kisa ko an zare shi.

Firintarki ma a raba ta da ralonj ɗin kwamfuta. Ta leza tana da abin gasa tawada da ke kai kusan digiri 200, kuma lokacin da take ɗumama shi tana fizgar wat ɗaruruwa a tashi ɗaya. In kin kunna ralonj suka tashi tare, wuta na iya faɗuwa daidai lokacin da BIOS ke lissafin na'urori. A ba ta nata soket a bango, ki kunna ta bayan Windows ya gama tashi. In kin sayi ondiler nan gaba, wato na'urar batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, irin ƙaramin nan mai VA 650 wat 400 ma bai cika kaiwa ba, na kwamfuta da allo ne kawai.

Tunda za a buɗe ta, a kaɗe ƙura da abin hura iska, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. A haska cikin kowane ramin USB da tocilan. Harshen roba na ciki yakan karye, tsinkaye huɗun su taɓa juna ko su taɓa ƙarfen gefe, rami ɗaya mai wannan ciwo kuma yana iya janye wutar maƙwabtansa. In na gaba ne, a zare wayarsa daga kart-mer ta ciki, shi ke nan. In na baya ne suka mutu, akwai katin USB da ake sokawa a ramin PCIe na kan kart-mer, sai dai ba kowane BIOS ke ganin kilabiye ta kansa ba, ki gwada kafin ki biya.

Sake zuba Windows yana da hurumi a hali ɗaya: kilabiye na aiki a BIOS kowace safiya ba fashi, amma ya mutu da zarar Windows ya tashi, bayan an cire Démarrage rapide an kuma sabunta direbobi. Ko a nan ɗin, akwai Réinitialiser ce PC da zaɓin Conserver mes fichiers, wanda ke barin takardu ya cire manhajoji da saiti. Kafin kwamfutar ta bar shagon zuwa wurin kowane mai gyara, ki kwafe Documents da Bureau da Téléchargements a faifan waje, ki buɗe takardu biyu ko uku daga cikinsa a wata kwamfutar ki ga sun buɗu, sannan ki ce masa batir da awon wuta kika kawo, faifan ajiya kada ya taɓa shi sai da saninki.